Ta ina ake fara tono tarihin tsohon layin dogo har a kai ga gina samfurinsa?

Salam Malam, na karanta tambayarka har sau biyu. Abin da na fahimta shi ne ku huɗu ne, akwai wani tsohon layin dogo da aka daina aiki da shi tun kafin a haife ku, kuna so ku tono tarihinsa, ku tara 'yan kayan da suka rage, daga baya ku gina ƙaramin samfurinsa a kan tebur har jirgi ya riƙa tafiya a kai, kuma ɗaya daga cikinku har ya fara duba 'yan jiragen wasa a intanet zai yi oda. Kana tambaya ta ina ya kamata ku fara.

Toh da farko dai a riƙe hannun wannan ɗan'uwa mai shirin oda, kar ya sayi komai tukuna. Ba rowa nake koya masa ba, dalilin shi ne har yanzu ba ku san faɗin layinku ba, ba ku san wace shekara za ku gina ba, ba ku san wace tasha ba, kuma waɗannan ukun su ne za su faɗa muku abin da za ku saya. Na ga mutane da yawa sun cika kwali da taragai masu kyau waɗanda ba su taɓa taka layin da suke bincike a kai ba, ƙarshe sai dai a jera su a kanta ana kallo.

Ku fara da tsofaffi. Wannan ba na haɗa shi da komai, domin taswira tana nan ba inda za ta, takardun gidan ajiya in sun shekara tamanin suna jira za su ƙara biyar, amma dattijon da ya yi aiki a layin nan ba ka da tabbacin za ka same shi baɗi. Direba, mai zuba wa inji kwal, mai sayar da tikiti, leburan da suke gyaran hanya, matansu, har yaran da suka taso a kwatas ɗin ma'aikata, duk ku neme su. Ku nemi izini ku ɗauki murya a waya, sannan don Allah kar ku fara da “Baba wace shekara aka rufe layin?” domin zai ba ku shekara don kar ya ba ku kunya kuma galibi ba daidai ba ce. Ku tambaye shi lokacin da aka rufe ya yi aure ko bai yi ba, ɗansa na fari ya fara tafiya ko ana goyonsa, daga nan ku da kanku za ku lissafo shekarar. Ku tambaye shi in ya zo aiki da asuba me yake fara taɓawa, ina ake ɗibar ruwa, wane jirgi ne ya fi ba su wahala. Ku tafi da hoto ko da ɗaya ne ku miƙa masa ku yi shiru, za ku sha mamakin abin da hoto yake tonowa a ƙwaƙwalwar tsoho.

Bari in ba ka misali da abin da ya faru da ni. Akwai wani ɗan guntun layi a taswirar hanyar da na daɗe ina bincike a kai, ya rabu da babban layi a tsakiyar daji, ba tasha ba gari ba sito, ya yi 'yar tafiya ya tsaya. Na kusa shekara biyu ina ta zato iri-iri, har na rubuta a littafina cewa ƙila wurin ɗibar tsakuwa ne. Ranar da na zauna da wani dattijo mai juya wa jirgi hanya, Allah ya jiƙansa, na nuna masa wurin da yatsa sai ya yi dariya ya ce ai nan ne ake raba jirgi, hawan da ke gaba ya fi ƙarfin inji in kaya sun yi nauyi musamman in an yi ruwa ƙarfe yana santsi, sai a ajiye rabin taragai a nan a haura da rabi a dawo a ɗauki sauran. Minti biyu ya warware abin da na yi shekara biyu ina fama da shi, kuma wata huɗu bayan nan aka ce mini ya rasu.

Amma fa ba duk abin da tsoho ya faɗa ne za ka rubuta a matsayin tabbas ba, haka ma ba duk abin da ke takarda ba. Shi ya sa tun ranar farko nake so ku ɗauki wata ɗabi'a guda, kuma in ba ku ɗauki komai a wannan dogon rubutu ba ku ɗauki wannan: duk abin da za ku rubuta ku sa masa alama, ko “na gani da idona” ko “an faɗa mini” ko “zatona ne”, ku rubuta a ina, wa ya faɗa, wace rana. Kamar wasa ne amma bayan shekara uku wallahi ba za ka iya tuna wanne ka karanta wanne ka ƙiyasta ba, sai zatonka ya rikiɗe ya zama tarihi, wani ya kwafa ya sa a Facebook, wani ya kwafa daga can, kai kuma wata rana ka gani ka ce alhamdulillahi ga wani ma ya tabbatar da maganata, alhali maganarka ce ta zagayo ta dawo maka. Rabin kurakuran da ke yawo a tarihin reluwe haka aka haife su.

Inda wannan ya fi cizo shi ne kwanan wata. In wani ya ce an buɗe layi a shekara kaza ka tambaye shi wace buɗewar, domin akwai ranar da aka gama shimfiɗa dogo, akwai ranar da jirgin kaya ya fara bi, akwai ranar da aka fara ɗaukar fasinja, akwai ranar bikin da manya suka zo, kuma tsakaninsu kan kai watanni ko fiye da shekara. Layin Talyllyn da ke Wels misali, a 1865 ya fara jigilar dutse amma fasinja sai 1866, kaga wanda ya ce 1865 da wanda ya ce 1866 duk ba su yi ƙarya ba. Rufewa ma haka take, ranar jirgin fasinja na ƙarshe daban, ranar jirgin kaya na ƙarshe daban, ranar da aka zo aka kwashe ƙarafan daban. In kun samu shekaru biyu suna karo da juna kar ku yi saurin jefar da ɗaya, ku rubuta duka ku nemi abin da kowacce take nufi.

Sai taswira. Ku nemi tsofaffin taswirorin gwamnati na safiyo, mafi girman ma'aunin da za ku samu, domin ƙaramar taswira zare ɗaya kawai za ta ja muku, babba kuwa za ta nuna layi nawa ne a tasha, ina tankin ruwa, ina sito, ina gidan shugaban tasha. Ku duba can ƙasa a gefe inda aka yi ƙananan rubutu, akwai shekarar da aka yi awo akwai shekarar da aka buga, ta awon ce taku. Kuma ku yi hattara, wasu taswirorin suna nuna layin da aka yi niyyar ginawa ba a taɓa ginawa ba, wasu kuma suna ci gaba da nuna layin da aka kwashe shekara ashirin da suka wuce saboda ba wanda ya koma ya sake awo. Bayan nan ku buɗe Google Earth ku ɗora tsohuwar taswirar a kan hoton yau. Layin dogo ba ya ɓuya daga sama ko an kwashe ƙarfe, saboda jirgi ba ya iya kwana mai kaifi kuma ba ya son hawa, hawan mita 1 a cikin mita 100 ma a wurinsa aiki ne, mita 1 cikin 40 kuwa ana lissafa shi hawa mai tsanani, don haka injiniyoyi sai sun yanka tudu sun cike kwari. Za ku ga wani lanƙwasa mai laushi yana ratsa gonaki, ko jerin itatuwa a miƙe, ko titi a cikin gari da ya karkace ba gaira ba dalili, to sau da yawa gadon jirgi ne.

Daga nan sai ƙafa, gani ya kori ji. Ku tafi da tef na awo, littafi, da sanda mai tsawon mita ɗaya da kuka yi wa fenti fari da baƙi, duk abin da za ku ɗauka hoto ku jingina ta a jiki, in ba haka ba kun dawo gida da hoton kwalbati ba ku san girmansa ba. Ginshiƙan gada, bakin dandamali, ramin da ake zubar da toka, gindin tankin ruwa, duwatsun mil, su ne suka fi daɗewa. In layin na tsarin Birtaniya ne za ku riƙa ganin nisa a rubuce da mil da wani awo da suke kira sarƙa, sarƙa ɗaya yadi 22 ce wato mita 20 da 'yan kai, sarƙa 80 ke yin mil ɗaya, kuma kowace gada da kwalbati da wannan lissafin aka yi mata rajista, so in kun gano dutsen mil guda ɗaya a inda aka kafa shi na asali za ku iya auna sauran daga nan. In kun ci sa'a kun samu guntun dogo, wani lokaci a shingen gona ko an yi ginshiƙin rumfa da shi, ku goge gefensa da burushin waya, akwai sunan masana'antar da ta yi shi da shekara da nauyinsa a jiki. Sai dai kar ku ce shekarar nan ita ce shekarar gina layin, kamfanonin jirgi sun saba cire dogon da ya gaji daga babbar hanya su kai shi ƙaramin reshe, don haka ƙarfe kan girmi layin da yake kai, wani lokacin kuma layin ya girme shi nesa ba kusa ba saboda an sake shimfiɗa.

In akwai inda ƙarafa biyu suke a shimfiɗe har yanzu, ku auna tsakaninsu daga cikin kan wannan zuwa cikin kan wancan. Milimita 1,435 shi ne faɗin da ya fi yawa a duniya, 1,067 wato ƙafa 3 da inci 6 shi ne na Afirka ta Kudu da Niu Zilan da mafi yawan layukan Jafan, akwai na mita ɗaya cif, akwai ƙanana irin 762 da 610. Wannan lambar ku riƙe ta, zan dawo kanta.

Takardu kuwa, wadda na fi so duk cikinsu ita ce jadawalin aiki na ma'aikata, ba wanda ake mannawa a bango don fasinja ba. Na ma'aikata shi ke nuna jiragen kaya, inda jirage biyu suke kaucewa juna, inda ake tsayawa shan ruwa da minti nawa, nauyin da aka yarda kowane inji ya ja a kowane hawa. In ka samu guda ɗaya ka samu yinin layin gaba ɗaya daga asuba zuwa dare. Bayansa sai rahoton shekara-shekara, rahoton haɗari (wannan yana da daɗin aiki domin mai bincike yakan zana tashar ya faɗi inda kowa yake tsaye), da tsofaffin jaridu. Wani abin da sababbi ba su cika sani ba shi ne takardun inji sau da yawa ba a ƙasar da ya yi aiki suke ba, suna ƙasar da aka ƙera shi. Layukan Afirka da Asiya da Kudancin Amurka da yawa daga kamfanoni irin Beyer Peacock na Manchesta, North British na Gilasgo, Hunslet na Lids, Henschel na Jamus da Baldwin na Amurka suka sayi injinansu, kuma kowane inji yana da lambar masana'anta ban da lambar da reluwe ta ba shi. Lambar reluwe ana canja ta, ta masana'anta ba ta canjawa, da ita ake bin sawun inji ko an sayar da shi sau uku. Beyer Peacock ya rufe tun 1966 amma zane-zanensa da hotunansa suna ajiye a gidan tarihin kimiyya da masana'antu na Manchesta, kuma ana rubuta musu a tambaya.

Wani sa'in kuma sawun yakan ɓace, sai a yi haƙuri. Akwai wani ƙaramin layi a Ingila, Lynton da Barnstaple, an buɗe shi 1898 an rufe 1935, ɗaya daga injinansa mai suna Lew aka sa shi a jirgin ruwa zuwa Barazil a 1936, daga nan shiru, masu sha'awar layin sun yi ta nema shekara da shekaru ba su gano inda ya ƙare ba. Da abin ya ishe su sai aka ƙera sabo irinsa sak, aka sa masa suna Lyd, aka gama a 2010. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne an adana zane da awo da hotuna.

Hoto yana da nasa tarkon, kuma ni ya taɓa kama ni da kyau. Na gina tasha guda a kan hoto ɗaya tak, na sa tankin ruwa a hannun dama, sito a hagu, na yi wata biyar ina aiki har na yi fenti, sai wata rana ina duba hoton da gilashin ƙara girma na ga lambar da ke jikin wani tarago can baya a juye take kamar a madubi. Ashe wanda ya wanke hoton ya kifa fim ɗin ne, komai na dama ya koma hagu. Haka na zauna na ɓamɓare tankin da wuƙa ina jin kamar in yi kuka. Tun daga ranar duk hoton da ya zo hannuna sai na fara neman rubutu ko lamba ko agogo a ciki, in babu in duba inuwa in gwada da taswira. Rubutun da ke bayan hoto ma kar ku yarda da shi ido rufe, sau da yawa jika ne ya rubuta bayan shekara hamsin.

Sai maganar launi, wadda ita ce ta fi haddasa faɗa a tsakanin masu wannan harka. Hoton baƙi da fari ba ya faɗin launi, kuma fim ɗin kyamara na zamanin farko ba ya ganin ja sosai, ja yakan fito kusan baƙi, shuɗi kuma ya fito fari-fari, so taragon da ka gani baƙi ƙirin a hoto ƙila ja ne. Hanyar da ta fi ita ce in akwai gini ko tarago da ya rage, a nemi izini a kankare ɗan wuri kaɗan a inda rana ba ta bugu, ƙarƙashin taga ko bayan ƙofa, za a ga fenti hawa-hawa, na ƙasa shi ne na farko. Amfanin hoto na gaske shi ne awo: tunda kun san faɗin layi, duk abin da ke tsaye daidai da shi a hoto za ku iya ƙiyasta girmansa, in ginin na jan bulo ne ku ƙirga layukan bulo daga ƙasa zuwa rufi, ku je ku auna layi goma a wani ginin layin da ya rage, ku ninka.

Game da tara kaya zan faɗi abin da ƙila ba zai yi wa wasu daɗi ba. Layin da aka daina amfani da shi yana da mai shi, ko hukuma ko kamfani ko wanda ya sayi filin, kuma cire allon tasha ko ƙusa ko farantin gada ba tare da izini ba sata ce a doka ko da niyyarka adanawa ce, a wurare da yawa ma laifin taɓa kayan reluwe ya fi na sata ta yau da kullum nauyi. Ban da doka, dutsen mil a inda yake hujja ne, ranar da ka tuge shi ka kai ɗaki ya zama dutse kawai. Ku ɗauki hoto, ku auna, ku rubuta inda yake a waya, ku bar shi. Abin da ya fi dacewa ku tara shi ne na hannun mutane: tikiti, katin aiki, fitilar hannu, maɓallin riga, littafin dokoki, wasiƙar ɗaukar aiki. Su ma ba dole sai an ba ku ba, iyali da yawa ba za su rabu da takardar mahaifinsu ba kuma suna da gaskiya, ku roƙa ku yi sikanin ku mayar a ranar. Duk abin da ya shigo ku ba shi lamba ku rubuta daga hannun wa ya fito. Farantin tagulla na inji kuwa in za ku saya ku yi a hankali, ana zuba na jabu da yawa, na gaske bayansa yakan nuna tsatsa da datti da alamar inda ƙusa ta ci, kuma wanda aka kwafa daga na asali yakan ɗan fi shi ƙanƙanta saboda ƙarfe yana tsukewa in ya huce. Takarda kuma kar a yi mata laminetin, kar a manna salatif, zafi da gam suna kashe ta kuma ba a iya warwarewa. A yi sikanin mai kyau, ɗigo 600 a kowane inci (dpi) ga hoto, a ajiye kwafi a wuri biyu ko uku, ita kuma a sa ta a kwance a inda ba laima ba rana.

Toh yanzu samfur. Kar ku ce za ku gina layin, ba wanda yake gina layi, ku zaɓi tasha ɗaya da lokaci ɗaya, in da hali ma shekara ɗaya. Dalili kuwa tasha ba ta tsaya yadda take ba, an ƙara layi, an rushe sito, an canja injina, in ka haɗa tankin 1925 da taragon 1955 ka gina wurin da bai taɓa wanzuwa ba. Ku zaɓi shekarar da kuka fi samun hujja a kanta, ba wadda ta fi burge ku ba. Gidan tarihin Pendon da ke Ingila, wanda Roye England ya kafa a 1954, abin da ya sa har yau ake zuwa kallonsa shi ne sun tsaya a kan yanki ɗaya na karkara a shekarun 1920 zuwa 1930, suka bi gidaje na gaske ɗaya bayan ɗaya suna aunawa kafin a rushe su, aikin ya ci shekaru da dama.

Lissafin wuri shi ke sa mutum ya sauko ƙasa. A ma'aunin HO, wanda ya fi yaɗuwa a duniya, ana raba komai da 87, mutum yakan dawo kamar santimita 2, tashar da ta kai mita 400 kuwa za ta ci mita 4.6 na tebur, ban da hanyar shiga da fita. A ma'aunin N ana rabawa da 160, tashar nan za ta dawo mita 2.5. Kwana ta fi muni, kwanar da a gaske ake ganin ta matse, mai mita 200 daga tsakiya, a HO tana son mita 2.3, alhali kwanar layin da ake sayarwa a kwali galibi ba ta kai rabin mita daga tsakiya ba. Don haka dole a matse, kowa yana matsewa, abin da ake so shi ne ka san me ka matse. Ni ina rage tsawon dandamali da yawan taragai da tazarar da ke tsakanin gine-gine, amma ba na taɓa girman gini kansa ko tsarin yadda layuka suka haɗu, domin tsarin nan shi ke sa a iya yin aikin da aka yi a tashar. Kuma ba dole jirgi ya yi ta zagaye kamar na yara ba, dogon katako a jikin bango mai faɗin rabin mita, da ɓoyayyen wurin ajiye jirage a kowane ƙarshe, ya fi kama da gaskiya.

Ga inda faɗin layin da na ce ku riƙe yake shigowa. Layin HO na kanti faɗinsa milimita 16.5 ne, wato 1,435 an raba da 87. In naku 1,067 ne kuka ɗora a kan wannan, jirgin zai fito da ƙafafu a warwatse, duk wanda ya san layin zai ga wani abu ba daidai ba ko bai iya faɗin mene ne ba. Mafita biyu ce: ko ku tsaya a 87 ku yi amfani da layi mai milimita 12, domin 1,067 in an raba da 87 yana ba da 12 da ɗan ɗigo, ko ku ƙara girman komai zuwa kashi ɗaya cikin 64 ku hau layin 16.5 ɗin, wanda shi ne abin da 'yan Niu Zilan da yawa suke yi. Na biyun yana da daɗi saboda za ku samu ƙafafu da moto (ɗan injin lantarki mai tafiyar da samfurin) na HO a sauƙaƙe ku gina jiki a kai. In layinku na 762 ne, layin N mai milimita 9 a ma'aunin 87 ya yi kusa sosai. Kar kuma ku ruɗe da OO na Birtaniya, shi jikinsa kashi ɗaya cikin 76 ne amma yana tafiya a kan 16.5, an yi haka ne tun farko saboda injinan Birtaniya ƙanana ne moton wancan zamani ba ya shiga cikinsu, har yau masu tsanani a cikinsu suna shimfiɗa nasu layin da hannu a kan 18.83 don su gyara wannan kuskuren.

Kusan tabbas ba za ku samu injin layinku a kanti ba. Ku duba tsarin ƙafafunsa, ana rubuta shi da lamba uku kamar 4-6-0 ko 2-8-2, wato ƙananan ƙafafun gaba, manyan da ke ja, da na baya, ku nemi samfurin da tsarinsa da girman ƙafarsa suka yi kusa, ku cire jikin ku gina naku da roba ko ku zana a kwamfuta a buga muku da injin 3D. Amma kar ku fara da inji, shi ne mafi wuya. Ku fara da ƙaramin gini guda, ɗakin mai gadi ko rumfar kaya, da kwali da gam, in ya karkace ku jefar ku sake ba asarar komai. Ni tukuna ma nakan yanka duk gine-ginen da farin kwali ba ado, in jera su, in sa waya a daidai inda mai hoton ya tsaya in ɗauka in gwada da tsohon hoton, nan take kuskure yake fitowa. In an zo fenti a kashe ƙyalli, a sa toka-toka da tsatsa da baƙin mai a tsakanin layi inda inji yake tsayawa, ba abin da ke tona asirin samfur kamar tsabta.

Tunda ku huɗu ne ku raba aikin gwargwadon halin kowa, mai haƙurin zama da tsofaffi daban, mai son takardu daban, mai ƙafar yawo daban, mai hannun sana'a daban, amma littafin rajista ya zama ɗaya kuma kowa ya san inda kwafinsa yake, na ga ƙungiyar da aikin shekara goma ya tafi da kwamfutar mutum ɗaya. In kun auno faɗin layin, ku turo mini shi tare da hoton tashar da kuka fi samun bayani a kanta da tsawon bangon ɗakin da za ku yi aikin, sai mu zauna mu ga ko 87 ne zai shiga ko sai an koma 160.